"Ka Ci Kyauta": Damfarar Da Ke Shigo Mana Ta Waya

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

 

An umarce ni da in yi magana a kan wata cuta da ke cin dukiyar mutanenmu a ɓoye, watau damfarar "ka ci kyauta". Ba sabuwar aba ba ce. A shekarun 1990 wasiƙa ake aikowa ta gidan waya, da tambari da sa hannu, a ce mutum ya ci cacar tikiti a Sifen ko Ingila. Abin ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta kafa doka ta musamman a kan zamba cikin 1995, aka sabunta ta a 2006. Sunan nan "419" da muke kiransu da shi, lambar sashe ce ta dokar laifuffuka wadda ta yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai ɓarawo ya huta da sayen kan sarki, ya shigo aljihun kowa.

Ga yadda suke yi. Saƙo zai shigo, ko a bugo waya da murya mai daɗi, a ce lambarka ta ci naira miliyan ɗaya ko mota a gasar MTN ko Airtel, ko kuwa ta wani banki ko gidauniyar wani attajiri. Waɗannan kamfanoni ba su san zancen ba, sunansu kawai aka ara. Daga nan sai a ce ka biya kuɗin rajista ko na haraji kafin a sakar maka kyautar. In ka biya dubu biyar, gobe a ce saura kuɗin dakon mota, jibi kuma na lauya. Mutum ya ga ya riga ya zuba kuɗi, sai ya ƙi ja da baya, har ya sayar da buhun gero ko tunkiya. Ranar da aljihu ya bushe, ranar lambar ke mutuwa.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Ba za su nemi ko kwabo ba, sai su ce ka karanto musu lambobin jikin katin ATM da lamba 11 ta BVN, wai don su tura maka kuɗin. Can sai banki ya aiko maka da wata lamba ta waya, su ce karanto ta. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunka, kana faɗa an kwashe. Haka kuma lamba 6 da WhatsApp ke aikowa: in ka ba wani, ya ƙwace shafinka, ya shiga zauren ƙungiyarmu da sunanka da hotonka, yana roƙon abokan ajinka kuɗi ko yana tallata musu gasar ƙarya.

Me ya sa abin ya shafe mu musamman? Matsalar 'yan bindiga ta raba mutanenmu da dama da gonakinsu, ga tsadar rayuwa, shi ya sa duk saƙon da ya ambaci kyauta ko tallafi yake samun kunne. Sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya sa har dattawan ƙauye da 'yan kasuwar Shinkafi suka koma ga masu POS da tura kuɗi ta waya, alhali da yawa ba su karanta saƙon Turanci.

To jama'a, ga ma'auni guda huɗu. Na farko, gasar da ba ka shiga ba, ba za ka ci ta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyu, kyautar gaskiya ba a biyan kuɗi kafin a karɓe ta. Na uku, babu ma'aikacin banki da zai tambaye ka lambar sirrinka ta waya, kuma wanda zai turo maka kuɗi lambar asusu mai lamba 10 ta ishe shi. Na huɗu, duk wanda ya ce ka yi sauri kuma kada ka gaya wa kowa, ɓarawo ne, domin ya san shawara ce ke tona asirinsa. Kashe wayar, ka tafi ofishin kamfanin ko banki da ƙafarka ka tambaya. Ban da wannan ma, addininmu ya haramta caca, Zamfara kuwa ta fara aiki da shari'ar Musulunci tun 2000.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa wa wani, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take a rufe katin, ya adana saƙonnin da lambar asusun da ya tura wa kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke aiki tun 2003. Ana kuma iya kiran hukumar sadarwa ta NCC a lamba 622 kyauta. Mu kuma kada mu yi masa dariya, domin masu digiri ma sun faɗa wannan rami.

Roƙona shi ne, mu da Allah ya ba ilimin boko mu zama idon danginmu. Kowa ya zauna da iyayensa da matan gidansa ya yi musu bayani da Hausa. Malamanmu da ke aji su gaya wa yara, a kuma roƙi limamai su ambata a huɗuba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da kwaɗayi, ya ba mu halal mai albarka, ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.