Shekarar 1885 da Ƙasar Zamfara

 

Shekarar da na zaɓa mu yi nazari a kanta ita ce 1885 ta Miladiyya, wadda galibinta ya faɗo cikin 1302 ta Hijira, zamanin da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yake zaune a Wurno, Sarkin Zamfara yana Anka, Sarkin Mafara yana Gummi, Sarkin Danko yana Bukkuyum, ayarin fatake kuma, cikinsu har da Kambarin Barebari na Gummi, suna kora jakuna da kanwa da tufafi zuwa Gwanja, su komo da goro.

Labarin da ya fi girgiza malamai a wannan shekara daga gabas ya zo. Ran 26 ga Janairu, rundunar Muhammadu Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadiyanci a Sudan, ta buɗe birnin Khartum, aka kashe Janar Gordon na Ingila. Shi kansa Muhammadu Ahmad ɗin kuwa bai cika wata biyar ba bayan fatahin, ajali ya riske shi a Omdurman, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Irin wannan labari ba ya bukatar waya, domin alhazai da almajirai suna ɗauke da shi zango zango, kuma zukata a shirye suke, tun da Shehu Usmanu ya yi rubutu a kan bayyanar Mahadi, ga ƙarni na goma sha huɗu ya kama. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi wa Muhammadu Ahmad mubaya'a daga Balda ta ƙasar Adamawa, amma hukumar Sakkwato ta ƙi gaskatawa.

Akwai kuma wani labari wanda, a zatona, ko a zauren Wazirin Sakkwato bai samu rabin wannan kulawa ba. Ran 26 ga Fabrairu, wata guda cif bayan faɗuwar Khartum, wakilan ƙasashe 14 suka rufe taron da Bismarck na Jamus ya kira a Balin, inda suka shimfiɗa ƙa'idojin da Turawa za su bi wajen mallakar Afirka, da sha'anin zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da namu na Kwara, alhali babu ɗan Afirka ko guda da aka zaunar a majalisin, balle a tambaye shi ra'ayi.

Ba a daɗe ba reshen wannan taro ya iso ƙofarmu. George Goldie, mai kamfanin cinikin Ingilishi a Kwara, da ya ji Jamusawa na niyyar riga shi, sai ya aiko Joseph Thomson da gaggawa, ya sadu da Sarkin Musulmi cikin watan Yuni, sa'an nan ya wuce wajen Sarkin Gwandu Maliki, ya koma da takardun yarjejeniya biyu. A nan ne nake so mu ɗan dakata. Kamfani ya ɗauki alkawarin biyan Sakkwato buhu 3,000 na wuri duk shekara. A fahimtar fada, wannan gaisuwa ce ta baƙon ɗan kasuwa mai neman amana da izinin ciniki, abin da shari'a ta san hukuncinsa tun da daɗewa, amma takardar da aka kai London cewa ta yi an sallama wa kamfani iko a gaɓar kogi. Da ire-irenta Goldie ya sami izinin mulki daga gwamnatin Ingila a 1886.

Bayan shekara 18, cikin Maris na 1903, sojan Lugard suka shiga Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, ya ratsa ta Zamfara, talakawa da malamai suna barin gonakinsu suna binsa, fuskarsu na duban gabas, har aka tare su a Burmi cikin Yuli. Waɗanda suka tsira sun isa Sudan, zuriyarsu tana garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har yau.