Kango a Kan Takarda: Dab'in Siliki da Birnin Detroit



Duk wanda ya taɓa sa rigar kamfen ya san aikin da zan yi magana a kai. Ana ɗaure ƙyalle mai ƙananan ramuka a jikin firam, a toshe inda ba a son tawada ta ratsa, sannan a ja ta da roba. Da can siliki ake ɗaurawa, yau zaren roba ne. Kowane launi da nasa firam, don haka mai aikin yakan rage launuka. Abin da yake zubarwa wajen ragewar shi ke damuna.

Ku dubi Detroit ta Amurka, garin ƙera motoci. A 1950 mutanenta sun haura miliyan 1.8, zuwa 2010 sun koma kusan 714,000. Masana'antar Packard ta daina ƙera mota tun shekarun 1950, jirgin ƙasa na ƙarshe ya bar tashar Michigan Central a 1988. Ginin tashar, da ɗaruruwan tagoginsa fasassu a jere, ya zo wa masu dab'i daidai: a buga baƙi, a bi da jan ƙasa saboda tsatsa, shi ke nan. Yana yin kyau, ban musa ba. To amma wannan dab'i ba ya jure launin tsaka-tsaki. Dattijuwar da ke jiran bas a gefen titi takan fito ɗigon baƙi, sai a goge ta don takarda ta yi tsaf. Mazauna garin, akasarinsu baƙar fata, sun daɗe suna kukan cewa baƙi na zuwa su ɗauki hoton kango su tafi, sai ka ce ba kowa a gari, alhali sama da mutum 600,000 na kwana suna tashi a ciki.

Ga wani abin mamaki. A 2013 Detroit ta je kotu ta ce ba ta iya biyan bashin kusan dala biliyan 18. A shekarar ce aka sayar da dab'in mai zane Andy Warhol na hatsarin mota, wanda ya yi a 1963, kan dala miliyan 105 a New York. Kamfanin Ford ya sayi tashar Michigan Central a 2018, ya gyara, ya buɗe ta a 2024, amma hotunan kangonta na nan rataye a falukan mutane.

Ɗalibanmu masu nufin zuwa Kakuri a Kaduna don buga hoton kangon masaƙu, ku saurara. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta daɗe a rufe, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Rufin kwano mai tsatsa zai ja idonku, na sani. Ku fara neman tsofaffin ma'aikatan da suka yi shekaru suna bibiyar haƙƙinsu na sallama. Wasunsu sun yi aikin buga zanen atamfa, sun san tawada fiye da ku. Ku tambaye su wane ɓangaren masaƙar suke so a buga, kuma ko suna so a sa fuskokinsu.