Attajirin Motoci Da Ya Mutu A Hasken Kyandir

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa a Maƙarfi, wanda 'yan'uwa daga Ikara da Kudan suka halarta.

 

Dalilin wannan magana shi ne abin da muke gani a garuruwanmu. Yaro ya tashi ba shi da buri sai mota. Wani har ya matsa wa 'yan'uwansa a sayar da gonar raken da mahaifinsu ya bari, don kawai a ce ga shi da makulli a hannu. To bari in ba ku labarin wanda ya ƙera motar, ba wanda ya saya ba.

Sunansa Henry Ford, mutumin Amurka, an haife shi a 1863. Daga 1908 zuwa 1927 kamfaninsa ya ƙera mota samfurin Model T sama da miliyan 15. A 1915 ya kammala gidansa mai suna Fair Lane a garin Dearborn, ɗakuna 56, a kan fili eka 1,300. Gidan yana da tasa tashar lantarki a bakin kogin Rouge. Yana da wani gidan a Florida, da wani a Georgia, inda yake gudun sanyi. A 1928 ya kafa gari guda a dajin Birazil don noman roba, aikin ya watse, aka mayar wa gwamnatin ƙasar a 1945.

Yaya ƙarshensa ya kasance? A 1938 ciwon shanyewar jiki ya fara taɓa shi. A 1943 ɗansa guda tilo, Edsel, ya mutu yana da shekara 49, dukiyar ba ta iya fansarsa ba. A 1945 iyalinsa suka matsa masa ya sauka, jikansa ya karɓi kamfanin. Ranar 7 ga Afrilu 1947 kogin nan ya yi ambaliya, wutar gidan ta ɗauke. A daren ya mutu yana da shekara 83, ana haska ɗakin da kyandir da fitilar kananzir, irin wadda iyayenmu suke kunnawa a ƙauye. A 1957 aka miƙa gidan ga jami'ar Michigan. Yau wurin tarihi ne.

'Yan'uwa, kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce a zauna a rungume hannu ba. Mutumin nan ɗan manomi ne, yana ɗan shekara 16 ya tafi koyon aikin injin. Wannan abin koyi ne. Ku koyi kanikanci, ku yi noma, ku nemi halal da guminku. Abin da nake tsoratar da mu shi ne a yanke zumunci, a ci haƙƙin marayu da mata a gado saboda ƙarfe mai tsatsa. Gona tana ciyar da gida shekara da shekaru, mota kuwa tun ranar da aka saye ta take tsufa.

Kowannenmu ya tambayi kansa yau da dare: in fitilata ta mutu, me na aika gaba?

Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya kyautata ƙarshenmu.