Ɗalibi da Wikipedia ta Hausa



Yau tsokacinmu a kan ɗalibin da ke amfani da lokacin hutunsa wajen rubutu a Wikipedia ta Hausa ne, kundin ilimin intanet da kowa ke karantawa kyauta. Ba a biyan marubutansa ko sisin kwabo, aikin sa kai ne.

Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, cike da matasa masu waya a hannu. Abin rubutawa kuwa yana nan birjik: dabinon Dutse, fadar Sarki da ke Garu, kasuwar Shuwarin, zane-zanen kan duwatsu na Birnin Kudu, da tarihin jihar Jigawa tun ƙirƙirarta a 1991. In mu 'yan gida ba mu rubuta ba, baƙo zai rubuta mana, ko kuma a manta da mu.

Sai dai aikin na da ƙa'ida. Duk abin da ka rubuta sai ka kawo madogara daga littafi ko jarida, ba a karɓar "an ce". Wannan horon shi ne malamai ke nema a aikin bincike na shekarar ƙarshe.

Ɗalibai, karatu ne gaba, amma ku ware wa Hausa awa ɗaya a mako. Malamai kuma, don Allah ku ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa.