Kyanwar Gida Idan Ta Tsufa: Ruwa da Jinya

 

Na san akwai wanda ya ji taken laccar nan ya ce a ransa: ana fama da jinyar mutane, wa ke ta mage? Tambayar tana kan hanya. Mu a Jigawa mun san ciwon ƙoda, mun san yadda wankin ƙoda ke cinye dukiyar gida, musamman a wajen 'yan'uwanmu na ƙasar Haɗeja. Amma jinyar da zan yi magana a kanta ba ta tauye haƙƙin kowa, domin mafi yawanta ruwa ne da kulawa.

Ƙasar nan ta dabbobi ce tun fil'azal. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, wanda masana suka fara nazarinsa a shekarun 1950, ya ishe mu shaida. Har yau, idan saniya ta ƙi kiwo, kafin azahar an nemo malamin dabbobi, don kowa ya san kuɗinta a kasuwar Sara. Kyanwa kuwa ba ta da farashi. Sai dai ku tambayi duk matar da ke da rumbun gero ko buhunan gyaɗa a ɗaka, ta gaya muku ɓarnar ɓera a shekarar da babu mage a gidan. Kyanwa ta yi mana gadi shekara goma, ranar da ta rame ta fara amai sai a ce wa yara su kai ta bayan gari. Wannan yana ci mini rai, kuma addininmu bai yarda da shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, an kawo yadda Sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi.

Me ya sa ruwa? Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta fara raɓar mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara tara hatsi ɓeraye suka biyo. Dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika jin ƙishirwa ba, ruwanta a jikin abin da ta kama take samunsa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Ƙodarta ce ke tattalin ruwan, tana fitar da datti cikin fitsari kaɗan mai kauri. To idan ta tsufa ƙodar ta fara gazawa, sai tattalin ya ɓaci. Likitocin dabbobi sun gano cewa kusan ɗaya cikin uku na kyanwoyin da suka haura shekara 10 suna da wannan ciwo. Ku haɗa da zafin bazararmu, inda ma'auni ke wuce 40 a watan Afrilu, da abincin da muke zuba mata, ƙanzo da busasshen kifi.

Alamar farko tana ruɗar mutane. Za ka ga kyanwa tana yawan zuwa gindin randa tana sha, tana yawan fitsari, ka ce lafiya ce. Alhali ruwan wucewa kawai yake yi. Daga nan sai rama, gashi ya hargitse, baki ya yi wari, amai ya biyo baya. Ka kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta ka ɗaga ka saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta tsaya a tattare, jiki ya bushe. Ka taɓa dasashinta, mai lafiya da danshi yake, na marar lafiya yana manne wa yatsa. Amma ciwon suga ma yana zuwa da irin waɗannan alamu, shi ya sa ake bukatar likitan dabbobi ya auna jini da fitsari, ko da sai an je Dutse ko Kano. Ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai. Abin da ake yi shi ne rage mata wahala, kuma kyanwa kan yi watanni, wata har shekaru, tana yawonta.

A fara da ba ta ruwa ta baki. A ajiye kasko biyu ko uku a inuwa, nesa da inda take bahaya, a sauya ruwan safe da yamma. Kyanwa mai kilo 4 tana bukatar abin da ya kai milimita 200 a yini, har da na cikin abinci. A jiƙa abincinta da romon kaza ko na nama wanda aka ɗiba kafin a sa gishiri, magi, albasa da tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta. A rage mata ƙashi da kan kifi, sinadarin fosfaras da ke cikinsu yana ƙara wa ƙoda nauyi. Madara kuwa, wadda muke ɗauka gata ce, zawo take sa yawancinsu. Idan ta ƙi sha, a cire allurar sirinji a riƙa ɗiga mata ruwa ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, kada a ɗaga kanta sama ta shaƙe.

Idan baki ya kasa, sai ƙarin ruwa. A nan kyanwa ta fi mu sauƙi, ba sai an nemi jijiya ba. Fatarta sakakkiya ce, ana zuba ruwan a ƙarƙashinta jiki ya tsotse a hankali. Ledar ruwan irin ta asibiti ce, Ringer's lactate ko ruwan gishiri na kashi 0.9, da robar da ake jonawa, da sabuwar allura kowane karo. Ana tsoma ledar a ruwan ɗumi har ta yi ɗumin jiki, a rataye ta a ƙusa sama da kai, a bar ruwan ya kori iskar da ke cikin robar. Mutum ɗaya ya ɗora kyanwar a cinya, ya lulluɓe ta da zane yana shafa ta. Ɗayan ya ɗaga fatar kafaɗa ta yi kamar 'yar bukka, ya soka allurar a gindinta a kwance, ba a tsaye ba, ya buɗe. Yawanci milimita 75 zuwa 125 ne, kullum ko bayan kwana biyu zuwa uku, cikin minti 5 zuwa 10 an gama. Wurin zai yi tudu mai laushi, wani lokaci ya gangaro ƙafar gaba, kafin wasu awoyi ya baje.

Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya tashi daga nan ya wuce kemis ya sayi leda ya gwada. Likita ne zai faɗi adadi gwargwadon nauyinta, kuma a gabansa za a yi na farko. Kyanwa mai ciwon zuciya, ruwan nan yana iya taruwa a huhunta ya kashe ta. Idan kun ga tana haki, ko tana numfashi baki buɗe, ko tudun jiya bai baje ba, kada a ƙara. Ba a sa ruwan gulukos a ƙarƙashin fata. Ruwan leda na sha, da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, ba sa shiga allura ko kusa. Allurar da aka gama da ita a jefa a gwangwani mai murfi inda yara ba sa kaiwa.

Sai maganar da na fi so iyayenmu mata su kai gida: farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya tak tana halaka ta. Ibuprofen da diclofenac kuma ƙodar suke ƙarasawa. Tausayi ne ke sa a ba ta, na sani, amma a bari.

Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba, a koma wurin likita, don yunwa tana taɓa mata hanta. Akwai kuma ranar da ruwa ba zai ƙara amfani ba, ta daina tashi, ta daina amsa kira. Ranar nan a daina sukarta da allura, a shimfiɗa mata tsumma a inuwa, a riƙa jiƙa mata baki, a nemi shawarar likita kan yadda za a rage mata raɗaɗi.

Ga shugabannin sashen noma na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, roƙona ɗaya ne. Malaman dabbobin da ke zagaya ƙauyuka rigakafin shanu da awaki, a koya musu gwajin fata da sa ruwan nan, a kuma ba su izinin duba magen gida idan sun shiga. Suna can a ƙofar gidajen, kayan aikin ma suna cikin jakarsu.