YADDA NA RABA KIBOD BIYU DON IN CECI HANNUNA



Da Sakatare ya aiko mini cewa in yi magana a kan sana'ata, sai na ga gara in zo da abin nan da ke gabana a kan tebur, wanda tun ɗazu na ga wasu suna leƙe. Kibod ne na kwamfuta, ba karyewa ya yi ba, da gangan aka raba shi biyu.

'Yan ajin kasuwanci za su tuna ɗakin tafireta, da Malam yana zagayawa da rula yana duba ko yatsunmu suna kan "asdf". Allah ya saka wa Malam da alheri, da wannan darasi nake ci da iyalina har yau, don aikina fassara ne da buga littattafan Hausa. To amma shekara uku da suka wuce ƙaramin yatsana na hagu da wuyan hannuna suka fara zogi, har ta kai ina mayar wa mutane da aikinsu. Likita ya ce in huta. Mai 'ya'ya a makaranta kuwa ina ya ga hutu?

Da na bincika sai na gane inda gizo yake saƙa. Jerin haruffan da muka koya, QWERTY, ya fito ne daga tafiretar Christopher Sholes ta Amurka, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Harafin "a" yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, mafi rauni a cikin yatsu. Ku duba kowane shafi na Hausa, babu harafin da ya kama ƙafar "a" wajen yawa. Ga manyan yatsu biyu masu ƙarfi kuma, aikinsu kawai buga tazara. Tsarin Dvorak na 1936 da na Colemak na 2006 sun gyara abubuwa da dama, amma don Turanci aka yi su, kuma dukansu sun bar "a" inda suka same shi.

Wannan da kuke gani sunansa Corne, wani mutumin Japan ne ya zana shi ya saki zanen kyauta. Na yi odar kayan, mai gyaran rediyo na unguwarmu ya haɗa mini da dalma. Kowane rabi ana ajiye shi daidai kafaɗa, saboda haka wuyan hannu ba ya lanƙwashewa. Maɓallansa kuma a miƙe suke bisa tsawon yatsu, ba a karkace kamar na tafireta ba. Kibod na ofis yana da maɓalli 104, wannan kuwa 42 ne kacal, 21 a kowane hannu, uku daga ciki na babban yatsa.

Za ku ce ina lambobi suka tafi? Ai Malam ya riga ya koya mana amsar. Idan ka danne Shift, maɓalli ɗaya ya ba ka babban baƙi maimakon ƙarami. To haka nan ake yin hawa-hawa kamar gidan bene. Hawan ƙasa haruffa. Na danne wani maɓalli da babban yatsan hagu, sai lambobi su zo ƙarƙashin hannun dama. Na danne wani, sai kibiyoyi. Hannu ba ya tafiya neman maɓalli, maɓallin ne yake zuwa. Wata manhaja ta kyauta mai suna QMK ake rubuta wannan tsari da ita, a ɗura shi cikin kibod ɗin kansa.

Wurin jera haruffa ne na daɗe. Yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne sai wasali, kamar "ka-ra-tu". Don haka na ari dabarar Dvorak, na tara wasula a hannu ɗaya, baƙaƙen da aka fi amfani da su a ɗayan, hannuwa suna karɓa-karɓa kamar mata biyu a turmi ɗaya. Shi kuwa "a", na ba babban yatsa. Ba ni na fara ba: Lillian Malt ta sa "e" a babban yatsa a kibod ɗin Maltron tun shekarun 1970. Su q da v da x, da ba ruwan Hausa da su, na kora su can gefe, don ina bukatarsu in aikin Turanci ya zo.

Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a da muke buga su a tafireta mu bi da biro muna lanƙwasa musu kai. Kibod ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar maɓalli yake aikawa, ita kwamfuta ta fassara. Don haka sai an bi ta lambobin Unicode, kuma Windows da Mac da Linux kowa da hanyarsa. A Windows sai da na sa wata ƙaramar manhaja, WinCompose. Yanzu ƙ yana wurin k a hawa na biyu, haka ɗ da ɓ, har da ƴ don abokan aikina na Nijar.

Kada in ɓoye muku, na sha kunya. Akwai dabarar da ake ba maɓalli ɗaya aiki biyu: in ka taɓa ka saki ya ba da harafi, in ka danne fiye da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya zama Ctrl. Ni kuma na ɗora Ctrl a kan "k". Ran nan ina tunani yatsana ya daɗe a kan k, na buga a, kwamfuta ta ɗauka Ctrl da A ne, ta zaɓi babin duka, harafi na gaba ya share shi. Sai da gumi ya karyo mini kafin na tuna da Ctrl da Z. Washegari na mayar da Ctrl babban yatsa.

Wata biyu na yi ina bugu kamar ɗan aji ɗaya, maiɗakina tana dariya. Yau saurina ya dawo, zogin kuma ya lafa, ko da yake ina jin hutun da nake yi kowace awa shi ma ya taimaka. Zan bar kibod ɗin a nan har a tashi, kowa ya gwada. Malam, kai za ka fara, mu kuma mu riƙe rular.