Asalin Gidan Yero a Amurka

A ranar murna irin wannan ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu. A ƙasar Rey Buba, in an tambayi dattijo asalin sarauta, sai ya jera sunaye har zuwa Buba Njidda. Amma akwai gidajen da aka yanke musu wannan igiya. Ga labarin ɗaya.

A shekara ta 1752, sa'ad da Amurka take ƙarƙashin Ingila, jirgin bayi ya sauke wani saurayi a Anapolis, cikin ƙasar Mariland. A takardu an rubuta sunansa Yarrow Mamout, watau Yero Mamudu. Masu bincike suna ganin Bafillace ne. Gidan Beall suka saye shi. Ya yi bauta shekara 44, aka 'yanta shi a 1796. Ya yi aiki, ya tara kuɗi, ya sayi gida a Jojtawun a 1800. Mai zane Charles Willson Peale ya zana hotonsa a 1819. Ya rasu a 1823.

Ƙaƙa aka san wannan duka? Da wuya ƙwarai, gama kafin ƙidayar 1870 ba a rubuta sunayen bayi cikin ƙidaya ba. Sai a bi takardun gado, inda aka lissafa mutum tare da dawaki, da takardun 'yanci, da na sayen fili. Haka James Johnston ya bi sawu, ya fitar da littafinsa a 2012. Ya sami ɗan Yero, Akila, da matarsa Poli, ungozoma, wadda ƙauyen Yarrowsburg yake ɗauke da sunan gidansu. Daga dangin Poli kuwa wani ya gama babbar makaranta ta Harbad a 1927.

Duk da haka, sunan uban Yero da na garinsu sun ɓace, gama babu wanda ya rubuta.

Mu fa, dattawanmu suna nan da rai. Kada mu jira. Kowane gida ya sami littafi, a zauna gaban tsoho da tsohuwa, a rubuta kakanni, da garin da suka fito, da shekarar da suka zo. Wanda aka haifa bawa ma a rubuta shi, kada kunya ta shafe shi. Jikokinmu za su tambaya.